Babur din kankara da karibun dutse: rigimar da ake yi a saman duwatsun BC

Jama'a sallama. Yau ba maganar biza ko neman makaranta na kawo ba kamar yadda wasunku suka saba tambayata, magana ce ta wata dabba da wani mashin, da kuma rigimar da suka hada tsakanin mutanen wannan lardi na British Columbia da ke yammacin Kanada, wanda kowa ke ce wa BC a takaice. Rigima ce da duk shekara sanyi na shigowa take tashi, a rediyo, a zauren taron kananan garuruwa, a Facebook kuwa ba a magana, kuma tun ina jin abin sama-sama har na zo na zauna na bi diddiginsa, don akwai wanda muke aiki tare da shi da in dai an ambaci karibu sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Karibu dai dabba ce dangin barewa amma ta fi barewa girma da kauri nesa ba kusa ba, mai kaho reshe-reshe, kuma mace da namiji duk suna da kahon. Duk wanda ya taba rike kwandalar santi 25 ta Kanada ya ga kanta, tun 1937 hotonta ke kai. Mafi yawansu can arewa suke garke-garke dubbai, amma wadanda ake wannan rigima a kansu wasu 'yan tsiraru ne da ke zaune a duwatsun kudu maso gabashin BC, wajajen Revelstoke, Nakusp, Blue River, Valemount har zuwa gabashin Prince George, kuma irin rayuwar da suke yi babu wani karibu a duniya da ke yin ta. Sauran karibu in sanyi ya yi tonon kankara suke da kofato su ci abin da ke kasa. Wadannan kuwa inda suke dusar kankara na taruwa mita 3, mita 4, wani wurin fiye, to wa zai tona wannan? Sai Allah ya hore musu wata dabara. Da farkon hunturu lokacin da dusar ke da laushi suna gangarowa kasa cikin tsofaffin dazuka, da zarar ta daskare ta yi tauri wajen Janairu ko Fabrairu sai su hau can saman dutse, su taka kan kankarar da faffadan kofatonsu, ita kankarar ce ke daga su sama har bakinsu ya kai ga rassan bishiya, inda wata irin gansakuka baka-baka mai kamar gashi take rataye. Ita ce abincinsu kusan kadai har sanyi ya wuce. Kuma wannan gansakuka ba ta yin yawa sai a jikin tsofaffin bishiyoyi, wadanda suka shekara dari ko fiye, ba irin shukar jiya ba.

Abin da ya kamata mutum ya rike shi ne ba don dadin abincin suke hawa can ba, abincin ma ba wani na kirki bane, ba ya gina jiki, ramewa suke a hankali har bazara. Suna hawa ne don can babu mai cin su. Kyarkeci ba ya iya gudu cikin zurfin dusa, nutsewa yake, kuma barewa da mus (wata katuwar dabba dangin barewa) da yake farauta duk suna kasa cikin kwari, to me zai kai shi sama? Shikenan dabarar karibun dutse, ya je inda kowa ya kasa zuwa ya zauna shiru, ya ci kadan ya motsa kadan. Macen kuma duk tsawon wannan lokaci ciki gare ta, tun wajen Oktoba ta dauka sai karshen Mayu ko farkon Yuni ta haihu, da daya tak, babu tagwaye, ita ma sai ta kai wajen shekara 3 kafin ta fara. Kitsen da ta tara da rani kamar rumbu ne da ake son ya kai gida har sabon hatsi, duk wanda ya sa ta gudun da ba dole ba to ya debi mudu ne a ciki, kuma babu kasuwar da za ta je ta cike.

To yanzu ga babur din kankara. Wanda bai taba gani ba, mashin ne mai sitiyari irin na babur, gabansa wasu shimfidaddun kafafu biyu masu zamewa, bayansa kuma bel mai hakora da ke juyawa yana tura shi. Wani dan Quebec Joseph-Armand Bombardier shi ya fito da Ski-Doo a 1959, su Polaris da Arctic Cat da Yamaha su ma duk suka cika kasuwa. A da wadannan mashina nauyi gare su kuma ba karfi, kana shiga zurfin dusa za ka kafe ka wuni kana tono, don haka iyakarsu kasa-kasa da kan tafki. Daga shekarun 1990 zuwa yau abin ya canza kwata-kwata, bel ya kara tsawo, hakora sun kara zurfi, jiki ya yi sauki, inji ya kara karfi har da masu turbo, yanzu yaro dan shekara ashirin da ya samu aikin mai a Alberta zai sayi sabo a kan sama da dalar Kanada dubu 20 ya dora a bayan a-kori-kurarsa ranar Juma'a, Asabar da hantsi yana kan kololuwar da kakansa ko a mafarki bai taka ba. Hanyoyin da kamfanonin katako suka fasa cikin daji su suka saukaka abin, kana bin su har gindin dutse.

Kuma ina ne ya fi dadin hawa? Daidai inda karibun yake. Fili mai dan gangare a sama, bishiyoyi jefi-jefi, dusa mai laushi har kirji. Abin da mahayi ke nema da abin da karibu ke nema abu daya ne, a wata daya, nan gizo ke sakar.

Shi abokin aikin nan nawa kullum maganarsa daya ce, wai shekara da shekaru yana hawa bai taba ganin karibu ya gudu don ya ji karar mashin ba, in ma ya gansu tsayawa suke suna kallonsa. Na yarda da shi, ba karya yake ba. Amma ni abin da nake ce masa, wanda ka gani ya tsaya shi ne wanda ya rage, wadanda suka bar wurin gaba daya ai ba za ka gansu ba ballantana ka kirga su. Akwai binciken da Dale Seip da abokan aikinsa suka fitar a 2007 a kan duwatsun Hart da ke gabashin Prince George, sun yi ta kidayar karibu ta jirgi a kan duwatsu da dama da ke makwabtaka da juna, duk inda mashin bai cika zuwa ba sun samu karibu, amma dutse guda da ya zama matattarar mahaya kusan babu ko daya, alhali in ka duba bishiyoyinsa da gansakukarsa da yanayinsa lissafinsu ya nuna zai iya daukar karibu sama da 50. Wuri na nan abinci na nan masu ci sun kaurace. Ina suka koma? Gangare mai tsauri inda abinci ya yi karanci kuma kankara ke zaftarewa, ko kasa inda masu jiransu suke. Zaftarewar kankara ba wasa bace a wajen karamin garke, na gandun Banff da ke Alberta a 2009 zaftarewa daya ce ta binne 'yan kalilan din da suka rage, tarihin karibu a can ya kare a rana guda.

Sai kuma maganar sawu, wadda ni ita ta fi tsaya min a rai. Mashin in ya wuce yana barin hanya a daddanne, da dare ta daskare ta yi tauri kamar kwalta tun daga kwari har sama. Kyarkecin da jiya zai nutse har wuya yau ga titi an shimfida masa kyauta. Mahayi ya koma gida ya sha shayinsa bai ga komai ba bai taba komai ba, zuciyarsa fes, kuma da gaske bai yi niyyar komai ba, amma katangar da dabbar nan ta dogara da ita dubban shekaru ya bula mata kofa. Wannan ne ya sa a gandun Jasper, shi ma a Alberta, ko masu tafiya da kafa da masu sululu a kan kankara ake hana su shiga yankin Tonquin daga farkon Nuwamba har tsakiyar Mayu, ba karar inji ake gudu ba don su ba su da inji, sawun ake gudu.

Don haka ni dai a ganina maganar cewa mashin ba ya cutar da karibu ba ta tashi ba. Yana cutarwa. Amma kada mu tsaya nan, don in mun tsaya nan mun zalunci mahayan.

Ba babur din kankara ne ya karar da karibun dutse ba, duk masanin da ka tambaya zai fada maka. Sarar daji ce. Shekaru gommai ana kwashe tsofaffin dazukan nan ana kai su injin katako, ana fasa hanyoyi, ana ja layin lantarki da bututu, ana datse koguna. Inda aka sare tsohon daji sai kananan itatuwa da ganye su fito, wannan kuwa shi ne abincin mus da barewa, sai su yi yawa, su kuma in sun yi yawa kyarkeci da damisar dutse su yi yawa, karibun da ba shi aka fito nema ba sai a rika tsintarsa a hanya, shi kuma da daya yake haifa a shekara ba zai iya mayar da gurbi ba. Mus zai jure barewa za ta jure, shi ne ba zai jure ba. Wajen tsakiyar shekarun 1990 ana kiyasin wadannan karibun masu zurfin kankara sun kai 2,500, yanzu ko 1,500 ba su kai ba, kuma a warwatse suke kananan garke-garke, wasu garkunan sun mutu murus.

Gwamnatin BC a 2007 ta fito da babban shirin ceto su, ta ce ta kare hekta miliyan 2.2 daga sara da fasa hanya, sannan daga 2009 aka rufe wajen hekta miliyan 1 ga masu babur. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma da yawa daga filin da aka ce an kare can sama ne inda dama bishiyoyin ba su da wani kudi sosai, dajin kasa mai manyan itatuwa masu tsada wanda karibun ke bukata da farkon sanyi kuma ta nan masu cin nama ke yaduwa, shi aka ci gaba da ba da lasisin sararsa. Misali daya da ya tsaya wa mutane a makogwaro, a 2020 aka gano hukumar sayar da katako ta gwamnatin lardin da kanta, BC Timber Sales, tana shirin sarar tsohon daji a kwarin Argonaut da ke arewa da Revelstoke, cikin mazaunin garken Columbia North, sai da jama'a suka tada jijiyar wuya kafin aka dakatar da mafi yawan shirin. To dan Allah ka sa kanka a matsayin mahayi. An kafa maka allo an ce daga nan ba shiga, jami'an kare daji na shawagi da helikwafta, in sun kama ka tara ce nan take, in abin ya kai kotu har mashin dinka na iya tafiya, kai kuma a hanyarka ta komawa gida kana kaucewa tirelolin gungume da ke saukowa daga kwarin da ke kasan wannan dutsen dai. Me za ka ce? Ai dole ka ce an bar jaki ana dukan taiki. Kuma wallahi kana da gaskiya rabi.

Na ce rabi don kasancewar wani ya fi ka laifi bai wanke ka ba. Dajin da aka sare ko yau aka daina sara sai jikokin jikoki kafin gansakuka ta dawo. Mashin kuwa yau aka hana gobe dutsen ya yi shiru. Cikin duk abubuwan da ke danne dabbar nan shi ne kadai ake iya dagawa nan take, kuma shi ne ya biyo ta har dakinta na karshe. Amma dai wannan saukin nasa shi ne ya sa gwamnati ke son sa, rufe dutse ga 'yan wasa ba ya rufe injin katako ba ya rage kudin shiga, sai a buga sanarwa a ce ana aiki.

Su ma mahayan ba kananan mutane bane a siyasar wurin. Kungiyarsu ta lardi, BC Snowmobile Federation, ta ce harkar na juya kusan dala miliyan 300 a shekara, kuma ko ka rage wani abu a lissafin mai talla da kansa, duk wanda ya shiga Revelstoke ko Sicamous ko Valemount cikin Fabrairu ya san ba tatsuniya bace. Otal cike, gidan mai layi, masu abinci, makanikai, masu hayar mashin, masu rakiya, garuruwan da injin katakonsu ya rufe da yawa wannan ce ta rike su da hunturu. Kulob-kulob dinsu ne ke gyara hanya, su gina bukkar shan dumi, su ne kuma kan gaba in an ce wani ya bata ko kankara ta rufta da shi. Kuma da yawansu su ke kafa allunan iyaka da hannunsu suna gaya wa baki kada su tsallaka, don sun san mutum daya ya tsallaka ya dora bidiyo a intanet kowa zai kwana ciki.

In kana son ganin inda dogon ja-in-ja ke kaiwa ka dubi garken South Selkirk. Shi ne garken da a da yake ketare iyaka tsakanin BC da jihohin Idaho da Washington, su ne karibu na karshe da suka taka kasar Amurka in ka cire Alaska. Tun 1984 Amurka ta sa su cikin jerin dabbobin da ke gab da karewa, aka yi ta dauko wasu daga BC ana kara musu, fiye da 100 cikin shekarun 1980 da 1990. A tsakiyar shekarun 2000 masu kare muhalli suka kai kara, kotun tarayya ta hana hawa babur a wani yanki na arewacin Idaho wajen tafkin Priest, mahaya da karamar hukumar Bonner su ma suka shigar da tasu bukatar a cire dabbar daga jerin gaba daya. Filin da aka fara ba da shawarar a kebe musu eka dubu 375 ne, da aka gama ja a 2012 sai ya dawo eka dubu 30. Ana cikin wannan kai-komo garken da ya kai 46 a 2009 ya koma 12 a 2016, ya koma 3 a 2018 duk mata, kyarkeci na dauka mota na bugewa a kan babbar hanyar Kootenay Pass. Janairun 2019 aka kama ta karshe aka kai ta wani shinge kusa da Revelstoke. Babu wanda ya ci wannan shari'a, lauyoyi dai sun ci abinci.

Daya bangaren kuma akwai labarin garken Klinse-Za a arewa maso gabashin BC wajen Chetwynd, su ba masu zurfin kankara bane sosai amma dangi ne kuma doka daya ta hada su. Dattawan kabilun West Moberly da Saulteau, 'yan asalin kasar, sun ce a da karibu a yankin ba ya kirguwa, sai aka gina madatsar W.A.C. Bennett a shekarun 1960 ta yanke musu hanya, ga hakar kwal ga gas ga katako, har mutanen suka hana kansu farautarsa da kansu tun shekarun 1970, dabbar da ita ce namansu da suturarsu. A 2013 saura 38. Sai kabilun biyu suka ce ba za su zuba ido ba, daga 2014 suka fara kamo mata masu ciki ana kai su wani shinge can saman dutse, masu gadi na kwana da su dare da rana, ana tsinko musu gansakuka da hannu, har 'ya'yan su yi kwari a sake su, sannan ana rage kyarkeci. Zuwa 2021 sun haura 100. Wannan ba karamin abu bane, kusan ko'ina labarin raguwa ake ji nan kuwa an ninka kusan sau uku.

Amma ka ga yadda aka kwashe da mutanen gari. A 2018 ministar muhalli ta tarayya Catherine McKenna ta ayyana cewa karibun na fuskantar barazana ta gaggawa, wanda ke nufin gwamnatin tarayya da ke Ottawa na iya tsallake lardi ta kafa dokar kanta, sai BC ta rude ta shiga tattaunawa da kabilun da tarayya a bayan kofa. Da daftarin yarjejeniyar kare karibun ya fito a 2019 mutanen Chetwynd da Tumbler Ridge suka ji kamar an gama yanka an raba ne aka kira su wanke tukunya, zaurukan taro suka cika makil, aka yi ta ihu, jita-jita ta yadu wai za a rufe daji gaba daya ko yawo ba za a bari ba, kuma abin takaici wasu suka juye fushinsu kan 'yan asalin kasar da kalaman wariya masu muni, har firimiyan BC na lokacin John Horgan ya dage sa hannu ya nada Blair Lekstrom, tsohon dan majalisar yankin, ya je ya saurari jama'a. A Fabrairun 2020 aka sa hannu, a Disambar 2021 kuma aka rufe wajen hekta dubu 454 ga masu babur a yankin, mahayan da suka bata watanni a kwamitin ba da shawara suka ce an yi watsi da abin da suka kawo. Ko rufewar daidai ce, kuma ni ina ganin mafi yawanta daidai ce, yadda aka bi da mutane ya bar tabon da har yau in ka ambaci karibu a can sai an harare ka.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da ake yi a Central Selkirk, wajen Nakusp da Trout Lake. Can garken ya ragu bai wuce 'yan gommai kadan ba. Maimakon a rufe ko'ina har abada ko a bude ko'ina, sai aka ce a doka yankin gaba daya a rufe yake, amma an rataya wa karibun abin wuya mai GPS, an raba dutsen shiyya-shiyya, kullum da safe taswira na fitowa a intanet, shiyyar da dabbobin ke ciki ko kusa a rufe, wadda suka yi nisa da ita a bude. Kuma ba kowa ke shiga ba sai dan kulob din wurin, Arrow Lakes Ridge Riders ko na Trout Lake, da katinsa a aljihu, in aka karya ka'ida kulob din ne zai rasa izini, don haka su da kansu suke sa wa juna ido, wanda ya fi helikwafta arha kuma ya fi ta ido. Mutanen Nakusp din nan har kungiya suka kafa, da mahaya da 'yan katako da mafarauta a ciki, suka gina nasu shingen haihuwa wanda ya fara aiki a 2022. Mutumin da ya tashi da asuba ya je tsinko wa karibu gansakuka da wuya gobe ya bi ta kanta da mashin.

Sai dai kada dadi ya kwashe mu. Wannan tsari yana aiki ne don dabbobin sun yi kadan har ana iya sanin inda kusan kowace take, wato nasararsa a kan masifa aka gina ta. Wadda ba ta da abin wuya fa? Kuma taswira tana nuna inda karibu yake ne yau, ba ta nuna inda zai so ya je da ba a cika wurin da kara jiya ba, sawun da aka bari ranar Talata kuma yana nan ranar Alhamis da garken ya iso, kyarkeci ba ya duba taswira. In ana son garken ya karu dole a bar masa filin da babu kowa ciki tun kafin ya bukace shi. Lokacin korona an ga alamar haka, hunturun 2020 zuwa 2021 da aka rufe iyaka kamfanonin da ke kai masu kudi sululu saman dutse da helikwafta kusan duk suka tsaya, masu bincike suka duba bayanan abin wuya suka ga filin da karibun ke yawo ciki ya kusan ninkawa. Wato dama a takure suke. Kuma wannan ma wani abin haushin mahaya ne, su talakawan gari an kafa musu allo, baki masu biyan dubban daloli ana sauke su da jirgi a dutsen da ke kallon nasu.

Kyarkecin ma nasa ya same shi, tun 2015 gwamnatin BC ke harbinsu daga helikwafta, an kashe sama da 2,000, kuma duk da ba dadin ji alkaluma sun nuna inda ake yi garkunan sun daina raguwa wasu ma sun dan karu. Amma su masanan da suka ba da shawarar sun ce sayen lokaci ne kawai kafin daji ya dawo, in ka daina shekara biyu kyarkeci ya cika wurin. To in ana sayen lokaci da jinin kyarkeci da hakurin mahaya da gumin masu gadin shinge, sannan dajin da ake jira ya dawo ana ci gaba da ba da takardar sararsa, lokacin me ake saye?

Ni matsayata kenan da nake fada wa abokin aikina, kuma har yanzu bai yarda ba. Tsakiyar mazaunin hunturu, inda aka san garke na zama shekara da shekaru, a rufe shi ruf, babu taswirar safe babu alfarma, da babur da helikwafta da masu kafa duk doka daya. Gefe-gefe inda dabbobin ke ratsawa jefi-jefi a yi irin na Nakusp a damka wa kulob amana. Wuraren da suka dade a hannun mahaya kuma karibu ba shi da wata makoma a ciki, irin manyan filayen wasan da garuruwa suka dogara da su, a bar musu a rubuce su san ba za a wayi gari a kwace ba, don rashin tabbas din nan shi ke sa su kin yarda da ko taku daya. Sannan duk ranar da minista zai fito ya sanar da hekta kaza da aka rufe wa masu babur, ya fadi a takarda guda hekta nawa na tsohon daji aka ba da izinin sara a mazaunin wannan garken dai cikin wannan shekarar, lamba kusa da lamba kowa ya gani. Shi abokin nawa ya ce ranar da ya ga wannan takarda da idonsa shi da kansa zai dauki guduma ya je kafa allon, ni kuma na ce masa zan rike masa kusoshin in dai zai ara min safar hannu mai kauri.